Takwaran Tsoho Pang

A ƙauyen Nanpo, in ka tambayi gidan Pang Wangcai sai mutum ya ɗan yi jim yana tunani, amma in ka ce gidan mai awara kake nema, har wanda ke kan jaki zai nuna maka da baki ba tare da ya tsaya ba. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, da manyan kunnuwa da hula ba ta iya rufe su, ga tafiya a karkace saboda shekarun da ya yi yana jan dutsen niƙa ta gefe guda.

Mahaifinsa ne ya raɗa masa sunan, jim kaɗan bayan rabon gonaki. Mutumin ya tsufa yana noma wa wasu, rana tsaka aka nuna masa wani fili a gefen tudu aka ce nasa ne, sai ya ga kamar duniya ta buɗe masa ƙofa. Tun zamanin kakanni an riga an ajiye kalmar da 'ya'yan wannan tsatson za su fara sunansu da ita, wato Wang, bunƙasa irin ta wutar da ta kama itace ko shukar da ta sha ruwa. Ɗan fari ya zama Wangfu, bunƙasar albarka. Na biyu ya zama Wangcai, bunƙasar dukiya. Tsohon ya kan ce da albarka da dukiya a ɗaki ɗaya, me kuma ya rage wa mutum. Ba a daɗe ba aka haɗe gonakin duka suka zama gandun gayya, shi kuma ya kwanta ciwo bai tashi ba, ya bar wa yaran tukunya ɗaya da sunaye biyu masu nauyi.

Wangcai yana saurayi aka shiga zamanin da ambaton dukiya ya zama abin kunya. Masu irin waɗannan sunaye suka yi ta rububin sauya su. Wansa Wangfu, wanda tun yana yaro ya san inda iska ke kaɗawa, ya je ya dawo da sabon suna, Weimin, wato domin jama'a. Mutanen Nanpo sun daɗe suna jin daɗin wannan suna, don ba a taɓa ganin Weimin ya miƙa wa wani ko ƙwayar gyaɗa ba. Da Wangcai ya ɗauki hularsa zai bi sahu, sai uwarsu ta tare bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta ce ɗa guda da ya ɓace mata ya isa. Maganar ta kai gaban shugaban gandu. Aka kira yaron, shugaban ya dube shi daga sama har ƙasa, ya daɗe a kan wandonsa, wanda faci ya yi masa yawa har ba a san asalin launinsa ba.

"Ku bar masa kayansa," in ji shi. "Duk wanda ya ji sunan nan kuma ya ga wandon nan, ya san camfi ƙarya ne."

Haka ya tsira da sunansa, kuma sunan ya yi masa rana sau ɗaya, lokacin neman aure. Dillaliyar aure ta haye tudu zuwa gidan su Gaihua, ta faɗi sunan saurayin a hankali, ta yi shiru ta bar shi ya yi aikinsa. Gaihua ta hango shi sau ɗaya a kasuwa, ta ga kunnuwan nan da ake cewa alamar arziki ne, ta ce ta yarda. Ranar da aka kawo ta, ta shiga ɗakin da aka haƙa a jikin tudu, ta dubi gadon ƙasa, ta dubi tukunya, ta dubi dutsen niƙa, sannan ta tambaye shi ina dukiyar. Ya sosa ƙeya ya ce tana hanya. Tun daga ranar, in amalanke ko babbar mota ta wuce ta ƙasan tudu, sai Gaihua ta ce masa ya leƙa ya gani ko ita ce ta iso.

Da aka mayar wa kowa gonarsa aka kuma yarda mutum ya yi 'yar sana'a, Wangcai ya kama awara. Ya kan jiƙa waken suya da yamma, ya niƙa da asuba, hantsi bai yi ba ya ɗaure faranti a bayan keke, yana tafe yana buga ɗan itacen da masu awara ke sanar da isowarsu da shi, matan ƙauyuka uku suna fitowa da kwanuka. Awararsa tana da ƙarfi, ba ta farfashewa a miya. Abin da ya hana shi ajiye komai shi ne gyara. In ya yanka ya auna, sai wuƙar ta koma da kanta ta ƙaro ɗan gefe, musamman in mai sayen tsohuwa ce ko mai goyo. Gaihua ta yi faɗa har ta gaji, daga baya ta ce ai sunan bai yi ƙarya ba, dukiyar tana bunƙasa, sai dai a kwanukan mutane.

'Ya ɗaya suka samu. Wangcai ya rantse ba zai ɗora mata irin kayan da aka ɗora masa ba, don haka ya yanki awara mai kauri ya kai wa malamin makarantar ƙauye, ya roƙe shi suna na masu ilmi. Malamin ya zaɓi Wenjing. Ya ce kashin farko ladabi ne da karatu, na biyu kuwa natsuwa, irin ta ruwan tafki da safe. Yarinyar ta tashi da muryar da in ta kira kaji a Nanpo, na ƙauyen gaba ma sai sun ɗaga kai. Da ta girma ta sami aiki a babbar tashar mota a birnin Taiyuan, inda take sanar da tashin motoci, kuma abokan aikinta sun ce ranar da lasifika ta lalace babu fasinjan da ya lura.

Wangcai ya kusa saba'in lokacin da Wenjing ta sami ciki bayan dogon jira. Ta bugo waya ta ce su rufe ɗaki su taho, ba shawara take nema ba. Suka bar wa maƙwabci kajin, suka ɗauki buhun gero da tulun ruwan tsami, don Gaihua ta ce na birni ruwa ne aka rina. Gidan 'yar tasu yana can saman wani dogon bene, a unguwar da benaye suka kewaye wani lambu mai kujerun siminti. Gaihua ta kama kicin nan da nan. Shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Ba dutse, ba keke, ba wanda ya san shi. Sai ya riƙa sauka lambun yana kallon tsofaffin da ke buga dara.

Wata safiya ya sayi gasasshen dankali a bakin ƙofar unguwa, ya sami kujera a rana yana ci. Sai ya ji muryar mace daga bayansa, muryar wadda ta saba a yi mata biyayya, tana cewa Wangcai ya zo nan. Ya miƙe tsaye, ya gyara hula, yana mamakin wa ya san shi a garin nan. Kafin ya juya muryar ta ƙara da cewa ya daina lashe-lashen nan, ƙazami kawai. Ya dubi yatsunsa, waɗanda yake cikin lasa, ya ɓoye su a baya. Sai muryar ta ce in ya sake yin fitsari a tayar motar mutane, yau ba zai ga abinci ba.

Nan kam kunnuwansa suka ɗau zafi. Ya juya zai ce wa matar shi bai taɓa yin haka ba ko a ƙauye, sai ya ga ba shi take kallo ba. Wata dattijuwa ce doguwa mai furfura, a gabanta kuma wani ɗan gajeren kare ne, ja, mai ƙiba kamar tulu, an sa masa 'yar riga mai maɓalli. Karen ya sauke ƙafarsa daga jikin tayar ba tare da gaggawa ba, ya bi ta suka wuce.

Kuskuren da ya yi shi ne ba Gaihua labari. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango, ta zauna, ta goge hawaye, ta ce ya sake faɗa mata wurin tayar. Da Wenjing ta dawo daga aiki ta ji, ta ce ai Baba wannan ba labari ba ne, karnukan birni masu wannan suna ba su ƙidayuwa. Haushin kare yana fita kamar yana cewa wang, wang, mutane kuwa suna son su ji ana kira musu bunƙasa a tsakar gida, shi ya sa. Duk bayanin nan da muryarta ta tasha ta yi shi, taga kuma a buɗe. Surukinsa, mutum mai kunya, ya so ya gyara, ya ce ai suna ne mai sa'a ƙwarai, maigidansa a wurin aiki ma haka ya sa wa nasa, kuma karen waje ne mai tsada. Wangcai ya ajiye tsinken cin abinci ya shige ɗaki.

Daga nan ya ɓoye sunan kamar mai ɓoye miki. Da masu dara suka fara ba shi wuri suka tambaye shi, ya ce su kira shi Tsoho Pang kawai. Abin ya tafi daidai har ranar da Gaihua ta ga dama. A ƙauye ba ta taɓa kama sunansa ba, daga tsoho sai baban Wenjing. Amma ran nan da tsakar rana ta buɗe taga daga can sama, ta cika ƙirji, ta kira Wangcai ya hawo, taliya ta nuna. Kawuna biyu suka ɗaga a lambun lokaci guda. Karen ma ya fi shi saurin amsawa, don ya fizge daga hannun uwar ɗakinsa ya nufi ƙofar benen yana kaɗa wutsiya. Masu dara suka dubi kare, suka dubi Tsoho Pang da ya riga ya ɗaga rabin jikinsa daga kujera. Washegari da ya sauko, wani tsohon direba ya matsa masa wuri, ya ce wa sauran su ba mai ƙafa biyun hanya.

Abin ya ci shi ƙwarai. Ya buga wa wansa Weimin waya a ƙauye, shi ya kira don ya san Weimin ba zai taɓa kira ba, ya zayyana masa duk wulaƙancin. Ya ji tari, sai daga baya ya gane dariya ce.

"To kai me ya dame ka?" in ji Weimin. "Ka manta sunan da Inna take kiranka da shi kafin ka yi wayo? Gousheng fa, ragowar kare. Don kada iskoki su yi sha'awarka. Daga ragowar kare ka zama karen gaba ɗaya, ai ci gaba ka samu."

Wangcai ya kashe wayar. Ya kwana biyu yana shan ƙamshi, sannan ya yanke shawarar tunkarar mai karen. Gwaggo Dou ake kiranta a unguwar, tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa ce, mijinta ya rasu, ɗanta yana can kudu yana aiki. Ya same ta a kujerar da ke kusa da famfo, ya cire hula, ya ce mata shi baƙo ne kuma ba rigima ya zo yi ba, amma sunan da take kira safe da yamma mahaifinsa ne ya raɗa masa shi, kuma mahaifin nan yana kwance a gefen tudu a Nanpo.

Ya zaci za ta yi masa tsawa irin wadda take yi wa karen. Sai ya ga fuskarta ta yi ja har wuya. Ta ce ta ji raɗe-raɗin amma ta ɗauka tsokanar masu dara ce. Ta ba shi labarin yadda karen ya zo mata da kansa a sanyin da mijinta ya rasu, ta buɗe ƙofa ta gan shi a kwance yana rawar ɗari, maƙwabta suka ce kare in ya zo da ƙafarsa arziki ya kawo, shi ne ta sa masa sunan. Ta ba shi haƙuri har sau uku, tana kiransa Yaya Pang, ta ce daga yau an sauya. Nan take ta sunkuya ta gaya wa karen cewa sunansa yanzu Lele, wato farin ciki. Karen ya yi hamma.

Wangcai ya hau sama yana jin kansa kamar wanda ya ci shari'a. Amma kwanakin da suka biyo baya ba su yi masa daɗi yadda ya zata ba. Yana zaune wurin dara zai ji Gwaggo Dou tana zagaya lambu tana kiran Lele, Lele, karen kuwa ya zauna daram kamar an dasa shi, yana kallon wani wuri daban. Tsohon kare ne, haƙoransa ma sun fara zubewa, ba lokacin koyon sabon abu ba ne. Ta ja igiya, ya ƙi. Ta nuna masa nama, ya kau da kai. Aka ce ya daina cin abinci sosai, rigar tasa ma ta fara yi masa yawa. Masu dara suka daina tsokanar Wangcai, kuma shirun nasu ya fi tsokanar ciwo.

Wata rana ya bi ta bayan shingen furanni zai je sayen albasa, sai ya tarar da ita a tsugune, ta kafa baki a kunnen karen tana raɗa masa tsohon sunan, tana waige-waige kamar mai sayar da kayan sata. Karen yana ta lasar hannunta. Da ta gan shi ta yi sauri ta miƙe, gwiwarta ta ƙi, ta kusa faɗuwa. Kunya ta rufe shi. Ya wuce, ya manta da albasar.

Ran nan ya sa surukinsa ya nemo masa waken suya, ya niƙa a injin markaɗen Wenjing yana ƙorafin cewa ba ya fitar da nono kamar dutse, ya tace da sabon ƙyallen da Gaihua ta ajiye wa jariri, aka yi faɗa a kan haka. Da safe ya sauka da awara a kwano. Ya tsaya nesa kaɗan da kujerar Gwaggo Dou, ya gutsuri ɗan gefe ya riƙe a tafin hannu, ya yi gyaran murya. Bai taɓa kiran sunan nan da bakinsa don wani ya zo ba, sai ya ji shi baƙo a harshensa. Ya kira. Karen ya ɗaga kunne, ya taso da gudunsa na masu ƙiba, ya cinye, ya zauna a kan takalminsa.

"Yaya Dou, bar masa sunansa," in ji Wangcai. "Ni ma ba saye na yi ba, ba ni aka yi."

Ya miƙa mata sauran awarar. Ta ɗanɗana ta ce rabonta da irin wannan tun tana yarinya a gidan kakarta.

Daga nan aka saba. In gwiwar Gwaggo Dou ta motsa, shi ke zagayawa da karen, yana kiransa takwara, yana ba shi labarin farashin wake da halin Weimin. Unguwa ta raba su da babba da ƙarami, ko da yake tsohon direban nan bai bar zancen ƙafafu ba. In Gaihua ta kira daga taga, su biyun suke hawa, ta zuba wa ɗaya a kwano ta ajiye wa ɗaya a murfin roba, tana cewa aƙalla ƙaramin ba ya cewa gishiri ya yi yawa.

Ana cikin haka Wenjing ta haihu, mace, da yamma bayan an wuni ana ruwa sama ta washe. Ita da kanta ta zaɓi sunan ba ta tambayi kowa ba, Wanqing, wato washewar sama da maraice. Wangcai ya yaba, ya ce suna ne mai sanyi. Sai da suka keɓe ya gaya wa Gaihua cewa bisa yadda sunaye ke fita a gidansu, gara su fara shirin hadari.

A sanyi na biyu karen ya kwanta. Wata safiya Gwaggo Dou ta tashi ta tarar ya tafi a kan tabarmarsa. Ta kira Wangcai, ya sauko, suka naɗe shi a tsohon bargo, surukin ya ɗauke su a mota zuwa wani tudu a bayan gari inda za a iya haƙa rami. Kafin su tashi ta rubuta a zauren da mazauna unguwar suke da shi a waya cewa Wangcai ya rasu da safiyar nan, bai sha wahala ba, tana godiya ga duk wanda ya taɓa kyautata masa. Duk unguwar ta san wanda ake nufi. Amma akwai wata mai sharar benaye, 'yar ƙauyen da ke maƙwabtaka da Nanpo, wadda ba ta daɗe da kama aiki ba, ta dai san mai awarar garinsu yana zaune a nan. Ta gani, ta kira uwarta. Kafin azahar labari ya gama tudu.

Waɗanda suka kira Wenjing don ta'aziyya sun sami amsa nan take, wasu sun ce sai da suka nisanta wayar daga kunne. Aka yi dariya aka watse. Sai dai Weimin bai kira kowa ba. Yana jin labarin ya shiga ɗaki, ya ɗaura farin ƙyalle na makoki a ƙugu, ya ɗauki jaka, ya bar wayarsa a kan gado, ya gangara titi ya tari mota. Mutumin da ya haura saba'in, wanda bai taɓa zuwa Taiyuan ba saboda tsadar hanya.

Da la'asar sakaliya masu dara suka ga wani tsoho da farin ƙyalle ya shigo lambu yana kuka yana kiran Wangcai ƙanensa. Suka dubi juna, suka ce ashe karen yana da dangi. Tsohon direban ne ya fara ganewa, ya kama hannunsa ya kai shi har ƙofa, bai gaya masa komai ba a hanya, don ya ce ba shi zai ɓata wannan ba. Aka ƙwanƙwasa. Wangcai ya buɗe da kwanon taliya a hannu, ƙasar tudu ba ta gama fita daga takalminsa ba.

Weimin ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zauna a bakin ƙofa.

"Ba ka mutu ba?"

"Ƙaramin ne, Yaya."

Weimin ya share fuska da farin ƙyallen, ya yi ajiyar zuciya, ya tambayi wa zai biya shi kuɗin mota.

Aka shigar da shi, aka ba shi ruwan zafi. Gaihua tana gyara masa jaka ta ci karo da wata tsohuwar kwalbar giyar dawa, wadda duk Nanpo ta san da ita, don Weimin ya fi shekara ashirin yana ɓoyonta, ko a bikin ɗansa bai buɗe ba. Ya kawo ta ne ya zuba a gaban akwatin gawa. Ya miƙa hannu zai karɓe, ta riga shi, ta ajiye a tsakiyar tebur ta ce tun da mai ita yana nan, ya sha da bakinsa ya fi a zuba wa ƙasa. Aka aika aka kira Gwaggo Dou, ta hawo da kumburarrun idanu. Ƙoƙon farko Wangcai ya ɗiga a ƙasa saboda takwaransa, Weimin yana bin kowane ɗigo da ido.

Da giyar ta ɗan ratsa shi, Weimin ya ba da labarin abin da aka faɗa a ƙauye kafin motarsa ta zo. Mata sun fito bakin hanya suna cewa ba za a sake samun mai sakin hannu irinsa ba. Wani ya tuna shekarar da ruwa ya cinye hanya, ya saɓa farantin a ka ya haye da ƙafa don kada gidan biki su ji kunya. Wangcai yana saurare yana kallon kwanonsa, kunnuwan nan sun yi ja. Sai Weimin ya ƙara da cewa tsohuwa Niu ta bakin rijiya ita ma ta yi kuka, amma ta ce a faɗi gaskiya, a shekarun baya-bayan nan awarar marigayin ta ɗan yi ruwa.

Wannan maganar ita ce ta tsaya masa. Duk yabon ya bi iska. Har Weimin ya koma, har sanyi ya wuce, in ya tuna sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce wa Gaihua shi dai bai taɓa ƙara ruwa ba, matsewar ce wataƙila ta ragu saboda kafaɗa.

Da jikar ta fara tafiya aka sami wurin reno, suka koma Nanpo da bazara. Gwaggo Dou ta rako su har tasha, ta cusa wa Gaihua safar ulu da ta saƙa musu. A ƙauye aka tare shi da barka da dawowa daga lahira, ana tambayarsa yaya mutanen can, ko ya ga wane da wane. Ya amsa wa kowa, amma hankalinsa yana wani wuri. Bai ko gama kwance kaya ba ya wanke dutsen niƙa ya jiƙa wake. Washegari ya matse awarar da manyan duwatsu biyu maimakon ɗaya, ya yanki tsakiya inda ya fi kyau, ya saka a kwano ya nufi bakin rijiya da kansa.

Tsohuwa Niu tana zaune a rana tana tsintar gero. Ta karɓa, ta danna da yatsa, ta gutsura ta sa a baki, ta daɗe tana juya shi a dasashi yana tsaye yana jira.

"Ba laifi," in ji ta. "Amma ta marigayin ta fi."